Inshorar lafiya: Katin ma'aikaci na mutum shida ne, sauran mutanen gida fa?

Takardar rajistar inshorar lafiya da ake miƙa wa ma'aikacin Gwamnatin Tarayya tana da gurbin mutum shida: shi kansa, da matarsa ɗaya ko mijinta idan mace ce, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin kula da ma'aikata yana cike ta ya san inda alƙalami yake tsayawa. Ya rubuta uwargida, ya tuna da amarya. Ya rubuta 'ya'ya huɗu, ya tuna da auta. Ga kuma mahaifiya mai hawan jini da aka ɗauko daga gida domin ganin likita ta zauna ke nan, ga ɗan ƙane da yake riƙo tun yana firamare. Babu gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Yawancinmu mukan cike abin da ya samu, mu miƙa, mu manta. Ba a sake waiwayar maganar sai daren da zazzaɓi ya rufe wanda ba ya cikin jerin, ko ranar da ma'aikaciyar teburin inshora ta duba kwamfuta ta ce babban ɗa ya cika 18, sunansa ya fita. Daga nan sai buga waya neman rance, sai rubuta takarda zuwa asusun adashin ofis, sai albashin wata uku ya tafi a mako ɗaya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da iyalansu yake fita kai-tsaye. Ma'aikacin tarayya yana cikin 'yan ƙalilan da aka rage wa wannan nauyi, amma ragin ya tsaya ne a kan mutum shida.

Saboda haka idan ana maganar zaɓen tsarin inshora, tambayar da ke gaban ma'aikaci ta bambanta da ta ɗan kasuwa. Shi yana da kati tun farko. Abin da ya rage masa ya yanke shawara a kai shi ne asibitin da zai ɗora katin a kansa, da yadda zai yi da mutanen da katin bai ɗauka ba, da kuma abin da zai riƙe ranar da katin ya daina aiki.

Yadda kuɗin ke tafiya

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, amma bai fara aiki ba sai 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma da ma'aikatan tarayya aka fara. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar doka da ta soke tsohuwar, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta kuma mayar da shiga inshora wajibi a kan kowane mazaunin Najeriya. Har yau a bakin mutane da kan allunan asibitoci NHIS ɗin ne, sunan ya riga ya kama.

A ƙa'ida, gwamnati a matsayinta na mai ɗaukar aiki tana zuba kashi 3.25 cikin 100 na dunƙulallen albashi, ma'aikaci kuma kashi 1.75. Kason ma'aikacin ya daɗe yana jawo taƙaddama tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago, don haka yana da kyau kowa ya duba takardar albashinsa ya ga abin da ake cirewa da sunan inshora. Kuɗin ba ya zuwa asibiti kai-tsaye. A tsakani akwai kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda suke biyan asibitoci, suke kuma ba da izinin duk wani magani da ya wuce matakin farko.

Biyan iri biyu ne, kuma fahimtar bambancinsu tana warware abubuwa da yawa da ke ba mutane haushi a asibiti. Asibitin da ma'aikaci ya zaɓa a matsayin na farko ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke rajista da shi, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Daga cikin kuɗin ne asibitin zai duba mai zazzaɓin cizon sauro, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magani. Idan kuma ciwon yana buƙatar ƙwararren likita ko tiyata, sai a tura majinyaci mataki na biyu, inda ake biya gwargwadon aikin da aka yi, amma sai HMO ya ba da lambar izini.

Tun daga 2012 har zuwa 2024 wannan kuɗi na wata yana kan naira 750 a kan kowane mutum. Asibitin da ke da mutum 1,000 a rajista naira 750,000 ke nan yake karɓa a wata, ya biya likita da ma'aikatan jinya, ya sayi magani, ya zuba man janareta. A cikin waɗannan shekaru darajar naira ta faɗi sau da dama, musamman bayan an sake ta ga kasuwa a tsakiyar 2023, shekarar da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina sayar da kayansa kai-tsaye a Najeriya. Farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin asibiti yana nan inda yake. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai yi mamakin yawan jin "babu shi, sai dai ka saya a waje" ba. NHIA ta ƙara kuɗin a 2024, ta sake ƙarawa a 2025 har ya kusan ninka na da, ta kuma ɗaga farashin ayyukan mataki na biyu fiye da haka. An samu sauƙi, amma da sauran rina a kaba, domin asibiti mai mutane kaɗan a rajista har yanzu da ƙyar lissafinsa yake fita.

Asibiti kafin kamfani

A mafi yawan ma'aikatu, ma'aikaci tarar da HMO yake yi, ba shi ya zaɓa ba. Abin da ke hannunsa dungurungum shi ne asibitin farko, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mutum yana zaune a Masaka ko Ado, sai ya rubuta wani babban asibiti a Asokoro ko Maitama saboda yana kusa da sakatariya, ko kuma don kawai sunan ya fi girma. Amma yara ba a ofis suke rashin lafiya ba. Wanda ya san yadda hanyar Nyanya zuwa AYA take da ƙarfe bakwai na safe, ko ya taɓa neman mota daga Madalla da ƙarfe biyun dare, ya san cewa asibitin da ke bayan gadar da ba ta ƙetaruwa daidai yake da babu. Ƙarshenta uwar yara takan kai su ƙaramin asibitin unguwa ta biya, katin yana cikin durowa.

A ganina tambaya ta farko ita ce: idan ba na gida, ina matata za ta iya kai yaro cikin rabin sa'a? Bayanta sai a tambayi ko akwai likita a wurin da daddare, ko ɗakin gwajinsu yana aiki, ko suna da magani a kantinsu ko rubutawa kawai suke yi. Ba a samun amsar waɗannan a takardar talla. Ana samunta ne a wurin abokan aiki da ke unguwa ɗaya da kai, musamman mata, domin su suke bin layin.

Akwai kuma ciniki tsakanin babba da ƙarami. Manyan asibitocin gwamnati irin su Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da cibiyoyin lafiya na tarayya na Jabi da Keffi suna da ƙwararru a ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda zai amfani mai ciwon da ke buƙatar bibiya, kamar ciwon suga ko na zuciya ko amosanin jini. Farashin da ake biya shi ne lokaci, domin jama'a sun yi yawa, kuma idan likitoci suka shiga yajin aiki ƙofa takan rufe. Ƙaramin asibiti mai zaman kansa yana da saurin ganin likita, amma duk abin da ya fi ƙarfinsa sai an tura ka wani wuri, da jiran lambar izini. Iyali mai ƙananan yara da lafiyarsu ƙalau in ban da zazzaɓi da mura, kusa ya fi musu. Iyalin da ke da mai doguwar jinya, ƙwararru sun fi musu ko da da nisa.

Zaɓin ba na har abada ba ne. Ƙa'idar tsarin ta ba mai rajista damar sauya asibitin farko bayan wata shida idan bai gamsu ba, ko kuma idan an yi masa canjin wurin aiki ko ya tashi daga unguwa. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, suna ta haƙuri shekara da shekaru da asibitin da suka rubuta ranar da aka ɗauke su aiki, tun suna gwauraye a Lugbe. Sauyin yakan ɗauki lokaci kafin sunan ya bayyana a sabon wuri, don haka ba a fara shi ana tsakiyar jinya ko ana dab da haihuwa.

Abin da katin ba ya ɗauka

Tsarin ma'aikata yana da faɗi idan aka kwatanta da abin da ake biya. Ya ƙunshi ganin likita, da gwaje-gwaje, da awon ciki da haihuwa har da ta tiyata, da rigakafin yara, da ayyukan tiyata da dama. A kan magani mai rajista yana biyan kashi 10 cikin 100 na farashi, matuƙar maganin yana cikin jerin da hukuma ta amince da shi. Jerin na sunayen magunguna ne na asali, ba na tambarin kamfani ba, shi ya sa wani lokaci likita zai rubuta wani suna, kantin asibiti ya ba da wani.

Amma akwai iyakoki, kuma ƙa'idojin da aka daɗe ana aiki da su sun fayyace su. Kwanciyar asibiti a ɗakin gama-gari take, kwana 21 jimilla a shekara. Haihuwa huɗu ake ɗauka. Jariri yana ƙarƙashin katin uwarsa na mako 12 na farko, bayan nan sai an yi masa rajistar kansa, kuma a nan iyaye da yawa suke makara saboda hidimar suna da jego. Manyan hotuna irin su CT da MRI raba kuɗin ake yi, rabi a kan majinyaci. Wankin ƙoda ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya an ƙayyade shi zuwa sau shida, alhali mai ciwon ƙoda na dindindin yakan buƙaci sau biyu ko uku a kowane mako. Dashen sassan jiki, da dashen kwayayen haihuwa, da tiyatar gyaran jiki don ado, duk suna waje.

Idan aka lura, katin ya fi ƙarfi a kan cututtukan yau da kullum, ya fi rauni a kan waɗanda ke tsiyata gida, wato ƙoda da sankara da makamantansu. Wannan shi ne gaskiyar kusan kowane tsari mai araha, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Wanda ya san a danginsa akwai irin wannan ciwo, da wannan ido ya kamata ya karanta duk takardar da aka miƙa masa.

Waɗanda suka rage a waje

Hanya mafi kusa ga amarya, da ɗa na biyar, da sauran waɗanda ke cin tukunya ɗaya da kai ita ce a ƙara su a matsayin ƙarin iyali, a biya musu kuɗi na daban duk shekara. Amfaninta shi ne gida ya haɗu a asibiti ɗaya da HMO ɗaya, ba a raba hankali. Ga mai mata biyu maganar ta wuce lissafin kuɗi, domin kati a hannun ɗaya ba tare da ɗaya ba fitina ce da ba ta buƙatar bayani.

Hanya ta biyu ita ce GIFSHIP, tsarin da hukumar ta ƙaddamar a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata. Lokacin da aka fara shi naira 15,000 ne kuɗin mutum ɗaya a shekara, farashin ya tashi tun daga nan, don haka a nemi na yanzu a ofishin NHIA kafin a yi kasafi. Abin da yake ɗauka ya yi kusa da na ma'aikata. Ya dace da ɗan da ya wuce 18 yana zaune a gida, da ƙanin da ke koyon sana'a, da direba ko mai aikin gida da ake son kyautata wa. Ɗan da ya shiga jami'a ko kwalejin fasaha kuwa a duba rasidin kuɗin makarantarsa tukuna, domin akwai tsarin ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, wanda makarantu da yawa ke haɗa kuɗinsa cikin na rajista. Sau da yawa an riga an biya, yaron ne bai je asibitin makaranta ya buɗe fayil ba.

Hanya ta uku ita ce tsare-tsaren jihohi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a Abuja. Babban Birnin Tarayya yana da nasa, FHIS, wanda ke karɓar mazauna birnin da ba ma'aikatan gwamnati ba. Kano tana da KSCHMA, Kaduna tana da KADCHMA, Nasarawa da Neja, inda dubban ma'aikatan tarayya ke kwana, su ma suna da hukumominsu. Jihohin Arewa da dama sun gwammace su kira tsarin da sunan taimakekeniya maimakon inshora, kuma sunan ya fi bayyana abin da ake yi: masu lafiya suna zubawa, marar lafiya yana amfana, gobe a juya. Ga mahaifiyar da ke zaune a Gwarzo ko Saminaka, tsarin jiharta ya fi mata amfani a kan a rubuta sunanta a wani asibiti a Kubwa da ba za ta gani ba sai sau ɗaya a shekara. Maganin hawan jini duk wata ake karɓarsa, a kusa da gida. Rauninsu shi ne iyaka: katin jiha a cikin jihar yake da ƙarfi, idan tsohuwa ta zo Abuja ziyara ciwo ya tashi, ba lalle ya yi aiki ba. Wannan tambaya ce da za a yi tun a teburin rajista.

Akwai kuma Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ana kuma yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista kyauta da shi ta hannun hukumomin jihohi. Ba don ma'aikaci aka yi shi ba, amma kowane ma'aikaci yana da gwaggo ko maƙwabci a gida da ya cancanta, wanda in ba haka ba wayarsa ce za ta yi ƙara ranar da aka kwantar da su.

Tsarin 'yan kasuwa da ƙananan rubutunsa

Daga mataki na 12 zuwa sama, da kuma tsakanin hadiman manya, an fara yayin sayen ƙarin inshora daga kamfanonin HMO kai-tsaye. Dalilin a fili yake: ana son asibiti mai tsafta, ba layi, ɗaki na mutum ɗaya. Ana sayar da tsare-tsaren hawa-hawa, yawanci da sunayen tagulla da azurfa da zinariya, kowane hawa da jerin asibitocin da yake buɗewa. Babu laifi a cikin wannan, kuma ga wanda lokacinsa ba nasa ba ne, kamar hadimin da ke bin mai gidansa daga taro zuwa taro, saurin ganin likita kaɗai zai iya biyan kuɗin.

Sai dai a nan ne aka fi buƙatar karatu da natsuwa, domin bambancin tsarin 'yan kasuwa da na gwamnati ba a kan tsada ya tsaya ba. Na gwamnati yana karɓar ma'aikaci da ciwonsa, ba ya tambayar abin da ya zo da shi. Na 'yan kasuwa, musamman idan mutum ɗaya ne ya saya ba ma'aikata ba, yakan ware ciwon da mutum ke da shi kafin ya shiga, ko ya ce sai an yi wani lokaci kafin a fara ɗaukarsa. Haka haihuwa da tiyatar da ba ta gaggawa ba, yawanci akwai watannin jira, wasu har shekara. Wanda ya sayi tsari matarsa tana da cikin wata huɗu yana zaton ya huta da kuɗin haihuwa, akwai yiwuwar ya biya sau biyu. Da yawansu kuma suna da iyakar shekaru, ba sa karɓar sabon mutum da ya haura 60 ko 65 sai a tsari na musamman mai tsada, ma'ana iyayen da aka fi damuwa da su su ne aka fi wahalar shigarwa.

Sai maganar rufin kuɗi. Takardar talla takan ɗaga babban adadi, wato iyakar abin da kamfani zai kashe wa mutum a shekara. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan iyakoki, kuma su ne ke aiki. A ƙaddara tsari ya ce naira miliyan 2 a shekara, amma a shafi na huɗu ya ce tiyata ba za ta wuce 300,000 ba, kwanciya kwana 10, jaririn da aka haifa bakwaini kwana biyu a kwalba. Ranar da aka shiga ɗakin tiyata, 300,000 ɗin ce inshorarka, miliyan biyun ado ce. Ni dai idan aka miƙo mini irin wannan takarda, daga baya nake fara karantawa, daga jerin abubuwan da ba a ɗauka, sannan in dawo gaba. Idan wakilin kamfani ya faɗi wata magana mai daɗi da ba ta cikin takarda, a roƙe shi ya rubuta ya sa hannu. A kuma tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda NHIA ta tantance, sannan a buga wa asibitin da ake so waya a tambaye su ko har yanzu suna karɓar katin wannan kamfani, domin asibiti yakan dakatar da kamfanin da ya tara masa bashi, jerin da ke intanet kuma bai canja ba.

Wanda zai iya ɗaukar duka biyun, kada ya yi watsi da katin gwamnati don ya samu na zinariya. Na kamfani shekara-shekara ake sabunta shi, kuma farashinsa da sharuɗansa suna iya canjawa a kowane sabuntawa, musamman bayan shekarar da mutum ya yi jinya mai tsada.

Hadimai da masu jiran ritaya

Hadimin minista ko na ɗan majalisa yana cikin wani hali na daban. Aikinsa a ɗaure yake da kujerar mai gidansa. Idan an yi garambawul a majalisar ministoci, ko zaɓe ya zo mai gida bai dawo ba, albashi yana tsayawa, duk wata inshora da ke rataye da albashin ita ma tana tsayawa. Abu na farko da ya kamata sabon hadimi ya bincika a ofishin kula da ma'aikata shi ne ko naɗinsa ya ba shi rajista, kada ya ɗauka cewa shiga sakatariya da katin shaida a wuya ya wadatar. Idan bai ba shi ba, GIFSHIP ko FHIS suna nan, kuma suna da wata fa'ida gare shi: da sunansa suke, shi ya biya, ba ruwansu da wanda ya ci zaɓe. Idan hadiman ofis ɗaya suka haɗu suka shiga a ƙungiyance, ko a tsarin hukuma ko na kamfani, sharuɗan sukan fi na mutum ɗaya sauƙi.

Ma'aikacin dindindin kuma nasa wa'adin a rubuce yake, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Tsarin ma'aikata na masu karɓar albashi ne, yana ƙarewa daidai lokacin da gwiwa da ido da hawan jini suka fara neman likita a kai a kai, kuma daidai lokacin da kamfanoni masu zaman kansu suka fara ja da baya. NHIA ta buɗe wani reshe na GIFSHIP domin 'yan fansho. Mai shekara biyu ko ɗaya kafin ritaya ya kamata ya sa wannan cikin takardun da yake haɗawa tare da na fansho, ya kuma yanke shawarar inda zai zauna, domin wanda zai koma Katsina ko Gombe tsarin can da asibitin can zai nema. Sabuwar rajista ba ta fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira, saboda haka a fara ta tun tsohon kati yana da rai.

A teburin asibiti

Duk tsarin da aka zaɓa, a teburin asibiti ake gane ƙarfinsa, kuma mafi yawan tsaikon a kan lambar izini yake. Majinyaci yana kwance, asibiti ya ce yana jiran HMO, HMO ya ce ba a turo masa buƙata ba. Daga watan Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su amsa buƙatar izini cikin sa'a ɗaya, idan kuma za su ƙi su faɗi dalili. A halin gaggawa ba a jiran lamba kafin a fara ceto rai, ana neman ta ne daga baya cikin sa'o'i 48. Ma'aikacin da ya san wannan yana iya tambayar ma'aikaciyar tebur, cikin ladabi, ƙarfe nawa aka tura buƙatar, ya kira kamfanin da kansa ya ba su lokacin. Idan abin ya ci tura akwai ofisoshin NHIA a Abuja da kowace jiha, kuma ƙorafin da ke ɗauke da kwanan wata da rasidi da sunan sashen da abin ya faru ya fi tafiya a kan na baki.

Wannan duka yana aiki ne idan wanda ya kai majinyacin yana da abin da zai nuna. A gidaje da yawa maigida ne kaɗai ya san sunan HMO da lambar rajista, shi kuma ranar da abin zai faru yana Legas wurin taro ko yana cikin jirgi waya a kashe. Lambar rajistar kowa, da sunan kamfani, da lambar wayarsu ta dare, ya kamata su kasance a wayar uwargida da ta amarya da ta babban ɗa, a kuma rubuta su a takarda a ajiye tare da katin rigakafin yara.